Saude Ba Ta Ji

Sanƙarau ya shiga Achilafiya a bazarar da ta biyo bayan shelar gwamnati cewa kowane yaro sai ya yi boko kyauta. Ya ɗauki waɗanda zai ɗauka, ya bar waɗanda zai bari. A gidan Alhaji Haladu ɗan kwangila bai ɗauki rai ba. Ya kwantar da Saude, 'yar shekara tara, ya sandarar mata da wuya, ya wujijjiga ta son ransa, da zai fita ya tafi da kunnenta.

Ranar da ta miƙe Alhaji ya yanka rago, aka raba waina har unguwar Fulani. Duk wanda ya zo barka sai ya ji yawan alluran da aka yi mata da tsadar kowace ɗaya. Aka ce ta warke, magana ta ƙare.

Uwarta Tasalla ce ta fara lura. Wata rana da hantsi babban faranti ya suɓuce mata ya faɗi a kan siminti. Kaji suka watse, akuya ta tsinke igiya, tsohuwar gidan ta zabura daga gyangyaɗi tana salati. Saude na zaune dab da wurin tana tsince wake, ko kai ba ta ɗaga ba. Tasalla ta ɗauki farantin, ta zagaya bayan yarinyar, ta sake shi da gangan. Saude ta ci gaba da ware tsakuwa gefe guda.

Matsalar ita ce Saude 'yar fari ce. Tun da aka yaye ta aka miƙa ta ga kakarta, Iya Dela, mahaifiyar Alhaji. Tasalla ba ta taɓa kiran sunanta ba, ba ta taɓa goya ta a gaban mutane ba. In magana ta kama sai ta ce "yarinyar nan ta Iya". Haka ta ga uwarta ta yi, haka duk matar kirki take yi, kuma garin na yaba mata kunya. Saboda haka ta yi ta juya abin a ciki kafin ta iya buɗe baki.

Ta sami Alhaji bayan la'asar yana kishingiɗe, yana murɗa sabuwar rediyonsa mai kaset.

"Alhaji, yarinyar nan ta Iya ba ta ji."

"Yau kika sani? Ai tun da ta tashi daga ciwon nan ta sangarce. In kira ta, ta yi mini banza. Ku kuka ɓata ta da lallashi."

"Ba wannan rashin jin nake nufi ba. Kunnen ne."

Ya rage muryar rediyo, ya dube ta kamar ta ce an ga ɓera a aljihunsa.

"Kunne? Jiya da na shigo da tsire wa ya riga kowa isowa?"

"Gani ta yi, Alhaji."

"To ta ci gaba da gani. Ke, saurara. A zuriyarmu akwai gajere, akwai mai sanƙo, amma babu kurma. Kada in ƙara jin wannan magana, balle ta fita waje."

Ya mayar da muryar rediyo, har ya ƙara a kan ta da.

Iya Dela ta fi ɗanta tausayi, a farko. Ta narka man shanu da tafarnuwa ta ɗiga wa yarinyar a kunne, ta toshe da auduga. Da aka kwana biyu sai ta ga abin ba duka ne ya ɓaci ba. A da Saude ba ta zama. Da yamma ta yi sai dandali, sai an bi ta da tsumagiya. Yanzu ƙawayen sun gaji da yi mata magana tana kallonsu, sun daina biyo mata. Ga ta nan kullum a gindin gadon Iya, ta matsa ƙafa, ta yi fifita, ta zubar da kaskon tofi. Ga kuma wata ni'ima: in tsofaffin unguwa sun zo, Iya na iya zazzage sirrin garin nan kaf ba tare da ta ce yarinya ta ba su wuri ba.

"Ni ban ga abin da ya same ta ba," in ji Iya. "Ina nuna buta, ta ɗauko buta. Ina nuna ƙafa, ta kama ƙafa. Wace yarinya ce ta kai ta ladabi a garin nan?"

A makaranta kuwa babu mai nuna buta. Ajin su Saude Alhaji ne ya gina shi, shi ya sa bangon ya tsage tun kafin fenti ya bushe. Yara sun cika benci, sun cika ƙasa, wasu suna zaune a taga ƙafafu a waje. Malaminsu, Malam Daudu, bara waccan shi ma a benci yake. An yi masa ɗan gajeren kwas, aka miƙa masa alli da dorina, aka ce Allah ya taimaka. In ya kira suna Saude ba ta amsa ba, sai ya sa mata ba ta zo ba, tana zaune a gabansa. In ya hango ta daga baya, sai ya dake ta saboda ta zo ta ƙi amsawa. Yarinyar ta koyi dabara: ta riƙa kallon bakin ta kusa da ita, in an buɗe ta buɗe, in an rufe ta rufe. Wani lokaci a rufe a bar ta ita kaɗai tana ta karanta abin da aka wuce, aji ya kwashe da dariya, dorina ta sake sauka.

Tasalla ba ta zuwa makaranta, amma ita ke wanke rigar. Tana ganin sawun dorina a bayan yarinyar in Iya na yi mata wanka. Sai ta kau da kai, ta shiga madafa, ta hura wutar da ba ta mutu ba don a ce hayaƙi ne.

Sannu a hankali muryar Saude ta fara sauyawa. Tunda ba ta jin kanta, ba ta san inda za ta tsaya ba. Wata rana Alhaji ya yi manyan baƙi daga Kazaure, irin waɗanda kwangila ke fitowa daga aljihunsu. Aka aiki Saude ta kai ruwa zaure. Ta durƙusa yadda aka koya mata, ta buɗe baki ta ce, "Ga ruwa!" da ƙarfin da sai da babban baƙon ya zubar da goron hannunsa. Alhaji ya yi dariyar yaƙe har baƙi suka tafi. Sannan ya shigo ya kwashe ta da mari.

"Ni za ki kunyata? Kasuwar Babura kika ɗauki zaurena?"

Saude ta riƙe kunci tana kallon bakinsa yana motsi. Abin da ta fahimta shi ne magana ce ke jawo mari. Daga ranar ta rage.

Ana cikin haka, farkon damina, wani babur mai tari kamar tsohon mashayin taba ya tsaya a ƙofar gida. Mai shi siririn mutum ne, wandonsa duk taɓo. Ya ce sunansa Malam Dunoma, daga ofishin ilimi. Gwamnati ta tura shi Kudu ya koyo yadda ake kula da yara masu lalura, makafi da kurame da masu in'ina da sauransu, ya dawo aka ba shi babur. Tasalla ta laɓe bayan ƙofar zaure da tsintsiya a hannu, tana share wurin da ta riga ta share.

"Alhaji, daga makaranta nake," in ji shi bayan gaisuwa. "Na gwada 'yarka Saude. Ciwon nan ya taɓa mata kunne, ba ta jin komai. Ba taurin kai ba ne."

"Kai likita ne?"

"A'a, malami ne. Amma likita ma abin da zai faɗa ke nan. Abin da nake gudu shi ne bakin. Yanzu da sauran magana a bakinta. In aka bar ta haka za ta zube, kaɗan-kaɗan, har ta ƙare. Akwai makarantar kurame a Kano. Na roƙa, sun ce za su ajiye mata gado."

"Makarantar bebaye!" Alhaji ya gyara zama. "Malam, ka san da wa kake magana? Ni ne shugaban iyayen yara na garin nan. In ɗauki 'yata in kai ta inda ake magana da hannu kamar masu cinikin shanu? Gobe in shiga ofis neman aiki a ce ga uban bebiya? To ba kai aka ɗauka don wannan ba? Gyara ta a nan."

Malam Dunoma ya yi wata dariya marar daɗi.

"Alhaji, ni kaɗai ne daga nan har Babura, har Roni, har Gwiwa. Da can yaran nan suna gida, ba mai ganinsu. Yanzu an ce kowa ya fito, sun fito. Akwai makaho a Gwiwa da aka zaunar a bayan aji yana fuskantar bango. Akwai mai farfaɗiya a Roni da malamai ke tserewa ta taga in ta faɗi. A Kanya Babba akwai wanda ban ma gano abin da ke damunsa ba. In na zauna wa Saude, su fa? In na ce maka zan dawo garin nan kafin kaka, na yi ƙarya."

"To ka ga laifin gwamnati ke nan."

"Na gwamnati daban. Wannan sa hannunka kawai ake so."

"Sai na yi shawara da Iya. 'Yarta ce."

Ya sa aka kamo zabbi biyu aka ɗaure wa malamin a bayan babur, irin sallamar da ake yi wa maroƙin da ya daɗe. Malam Dunoma ya yi ta dukan babur yana ƙin tashi. Da ya tashi, sai ya ɗaga murya ya fuskanci katanga, kamar mai magana da iska.

"In uwar yarinya na kusa: a riƙa tsayawa a gabanta in za a yi magana, ta ga baki. A sa ta ta riƙa maimaitawa. Kada a bar ta ta yi shiru!"

Shawarar da aka yi da Iya ba ta da tsawo. Iya ta ce ita mace ce, sai abin da uban yarinya ya ce. Uban yarinya ya ce shi ba zai raba tsohuwa da jikarta ba, Allah ma sai ya tambaye shi. Da Tasalla ta sake taɓo maganar ya ce a bari damina ta wuce, hanya ba kyau. Damina ta wuce ya ce a bari ya dawo daga Makka. Ya dawo daga Makka da haƙorin zinare na biyu, ya ce ai ya yi mata addu'a a can, in kuma akwai makarantar da ta fi Makka sai a faɗa masa.

Tasalla ta gwada abin da malamin ya ce. In Iya ta yi barcin rana, sai ta ja yarinyar madafa, ta durƙusa a gabanta, ta ɗaga ludayi.

"Lu-da-yi."

"Udayi," in ji Saude, idonta a kan leɓen uwar.

"Tu-kun-ya."

"Ukunya."

Har yarinyar ta fara murmushi in ta ga an nufi madafa. Rannan inuwa ta rufe ƙofa. Iya Dela ce, da carbi a hannu.

"Lallai zamani ya zo. Tasalla, hira kike da 'yar fari? Har da durƙusa mata? Ni na haifi uban 'yar nan, ban taɓa haɗa ido da shi ba sai da ya yi gemu. In kin gaji da ba ni ita, sai ki faɗa, in tara mutane in mayar miki."

Kafin magariba labari ya zaga unguwa. Matan da suka shigo ɗiban wuta suna kallon Tasalla suna murmushi ƙasa-ƙasa. Ta ji kamar ta nutse. Ba ta ƙara ba. In Saude ta zo bakin madafa ta ɗauki ludayi tana nuna mata, sai ta karɓe ta sa a tukunya, ta juya baya.

Ba a daɗe ba Malam Daudu ya aiko cewa yarinyar na cin wuri a benci, ga masu kunne suna zaune a ƙasa. Alhaji ya ce da ma shi ya ga karatun na wahalar da ita, ta zauna ta huta. Hutun shi ne ɗakin Iya daga safe har dare. Aka kawo wani mai magani daga tsallaken iyaka, wanda ya ce aljana ce ta yi ɗaki a kunnen. Ya turara mata hayaƙi har ta yi amai. Da ba a ga canji ba ya ce aljanar ce ita ma kurma, ba ta jin kora.

Maganar Saude ta ci gaba da zubewa kamar yadda aka faɗa. "Ruwa" ya koma "uwa", daga baya ya koma nuni da yatsa. Sunayen ƙannenta suka tafi. Waƙoƙin gaɗar da take yi in tana shara suka koma wani gunji a maƙogwaro, wanda Iya ke hana ta saboda yana hana ta barci. Yaran unguwa suka daina cewa Saude, suka koma cewa bebiyar gidan Alhaji. Wannan kam Alhaji bai ji ba. Shi ma akwai abin da kunnensa ba ya ɗauka.

Sai ga ranar da Alhaji ya sayo tifa. Sabuwa fil, ja, ya samu kwangilar yashi. Aka kawo ta ƙofar gida, gari ya taru. Maroƙa suka zo, yara suna shafa taya. Matan gida da na maƙwabta suka cika zaure suna leƙe ta bayan asabari, Tasalla a cikinsu. Direban, Mamuda, ya ga 'yan kallo, ya ce bari ya nuna musu yadda take tafiya da baya. Ya danna ham, jama'a suka dare.

Tasalla ce ta hango ta. Iya ta aiki Saude sayen goro, ga ta nan ta dawo, ta tsuguna a tsakiyar hanya ta ba motar baya, tana tsince goron da ya zube daga ganye. Mamuda ya sake danna ham. Maza suna ta ihu, "Ke! Ke yarinya!"

Tasalla ta ture asabari, ta fito tsakiyar maza ba mayafi.

"Saude! Saude!"

Duk wanda ke wurin ya ji. Ba a taɓa jin sunan nan a bakinta ba, har wasu suka juyo suna kallonta maimakon motar. Wadda aka kira ce kawai ba ta juyo ba. Ƙarfen bayan tifa ya buge ta, taya ta bi ta kan ƙafarta ta hagu kafin Mamuda ya taka birki. Ƙarar da ta yi ba kalma a ciki.

Kafin a sa ta a mota kowa ya wanke kansa. Mamuda ya rantse ya yi ham, duk gari shaida ne. Iya ta ce ita goro ta aike ta, ba ta aike ta ƙarƙashin mota ba. Maroƙa suka ce baki ne, sabon abu ba ya rasa mahassada. Alhaji ya zagaya ya duba bayan tifa, sannan ya ce, "Ai da ma ina faɗa, yarinyar nan ba ta ji." Wata tsohuwa kuma ta ja Tasalla gefe ta rufa mata zane, ta raɗa mata cewa ko me ya faru, bai kamata ta kama sunan 'yar fari a bainar jama'a ba.

A asibitin Kazaure aka ɗaure ƙafar. Wata nas mai kaifin baki ta yi wa yarinyar tambaya, ta tafa hannu a bayan kanta, ta juyo.

"Wane ne ubanta? Kai ne? Ba ku san yarinyar nan kurma ba ce kuka sake ta a titi?"

Alhaji ya dafe ƙirji, ya waiwayi jama'ar da suka rako shi.

"Kurma? Inna lillahi! To me ya sa ba wanda ya gaya mini?"

Tasalla na zaune a bakin gado. Ta ɗago ta dube shi, dubawar da ba ta taɓa yi masa ba tun da aka kawo ta gidansa. Shi ya fara kau da kai.

Ita ta zauna jinya, don Iya ta ce warin asibiti na tayar mata da zuciya. A nan, ba Iya ba maƙwabta, ta riƙa zama a gaban 'yarta tana ɗaga kofi, tana ɗaga cokali. Saude ta kalli bakin, ta motsa nata, wani lokaci sauti ya fito, sau da yawa ba ya fitowa. Abin da ake samu a madafa bara, bana babu shi.

Wata safiya Tasalla ta yi tambaya har ta gano ofishin ilimi. Ta tarar da masinja a baranda yana cin gyaɗa. A gefensa ga babur jingine da bango, ba taya ɗaya, kaza ta yi ƙwai a ƙarƙashinsa.

"Malam Dunoma nake nema, mai duba yara."

"Ai Hajiya kin makara. An tura shi wani ƙauye bayan Gwiwa ya riƙe aji."

"Aji kuma? To yaran da yake dubawa fa?"

"Manya sun ce masu lafiya ma ba su da malami, balle." Ya watsa gyaɗa a baki.

"Wa aka sa a madadinsa?"

Masinja ya nuna mata ta taga. "Ga kujerar can. Kullum ina goge ta."

Ranar da aka sallame su, Alhaji ya aiko mota ta kwashe su. Motar ta tarar da gado wayam. Tun da safe Tasalla ta goya Saude, ƙatuwar yarinya da ƙafa a ɗaure, ta ratsa tasha mutane na kallo, ta shiga motar Kano. Ta sauka a gidan yayarta Ma'u, washegari suka nemi makarantar.

Shugabar makarantar mace ce mai furfura tun ba ta tsufa ba. Ta saurari Tasalla har ƙarshe.

"Saude, daga Achilafiya. Na tuna. Wani siririn malami ya zo nan ya hana ni sakat a kanta. Zango guda cur gadonta na nan ba kowa, ina korar mutane. Da ba ku zo ba na ba wani yaro daga Gumel."

"To yanzu fa, Malama?"

"Yanzu malamai biyu gare ni. Ɗaya ta tafi haihuwa. Wanda aka turo mini bara ya sami aiki a banki. Kin ga waɗancan?" Ta nuna gindin wata darbejiya a wajen shingen waya, inda mata da maza ke zaune da yara. "Duk irinki ne. Tun da aka buɗe makarantun nan na kyauta ake kawo su, kamar an fasa rumbu. Ba zan yi miki ƙarya ba. Sai dai ku jira."

Tasalla ba ta koma Achilafiya ba. Alhaji ya aiko, ya sake aikowa, har da cewa in ba ta dawo ba ta san sauran. Ta ce wa ɗan aiken ya gaishe shi, ya gaida Iya. Da Alhaji ya ga abin zai zama abin faɗa, sai ya riga kowa: ya shiga gaya wa mutane shi ya tura su Kano, don shi mutum ne mai son ilimi. A taron iyayen yara na shekarar ya miƙe ya ragargaji gwamnati. Ya ce ga kuɗin mai kamar ƙasa, amma ƙasar Kazaure kaf ba malamin kurame ko ɗaya. Ya ce shi abin ya shafe shi, 'yar cikinsa ce. Muryarsa ta yi rawa, aka yi ta tafi. Kuma babu ƙarya a abin da ya faɗa, abin haushin ke nan. Gwamnati ta ba da malami ɗaya inda ake bukatar ashirin, sannan ta ɗauke shi. Amma ɗayan nan ya zo har zaure da taɓo a wando, ya kawo gado a hannu, aka sallame shi da zabbi. Iya Dela kuwa ta karɓi ƙanwar Saude, ta ce wannan ba ta kai waccan iya matsa ƙafa ba, ga surutu.

Kowace safiya Tasalla na kai Saude gindin darbejiya. Ƙafar ta warke a karkace, tana tafiya tana ɗingishi. In an fito hutun tara, yaran ciki sukan zo bakin waya, hannuwansu na ta tashi kamar tsuntsaye, suna dariya ba sauti. Da farko Saude na ɓuya a bayan uwarta. Daga baya ta matsa ta kama wayar.

Wata rana ta juyo da sauri, tana jan ƙafa, fuskarta a washe yadda Tasalla ta manta tana yi. Ta tsaya a gaban uwar, ta ɗaga hannu, ta yi wata alama da tafinta. Ta sake yi. Ta kama hannun Tasalla ta lanƙwasa mata yatsu har ita ma ta yi daidai, sannan ta yi tsalle da ƙafa ɗaya.

Malamar da ta rage ta zo wucewa da alli a hannu. Tasalla ta tare ta.

"Malama, don Allah dubi. Ta koyi magana. Me ta ce?"

Saude ta sake yi, a hankali, don a gani da kyau. Malamar ta kalla.

"Cewa ta yi, jira," in ji ta. "Shi yaran ke fara koya wa na waje."